Hanyar da ta Ratsa Gonar Mai Keke

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin baƙin Mai Taswira ya san ba a fitowa da wuri. Mutum zai shigo aron fartanya, ya fita da tarihin gonakin ƙauyen tun daga kan kakan kakansa, sau da yawa ma ya manta da fartanyar. Abin da ke jawo wa mutane wannan wahala yana rataye a bango, tsakanin taga da agogon da ya daina aiki. Wata tsohuwar taswira ce cikin firam na katako, takardarta ta yi jawur kamar shayin da aka manta a kan wuta.

Masu awon ƙasa ne suka zana ta tun ba a haifi Mai Taswira ba. Kowace gona tana ciki da lambarta, ga rafi, ga makiyaya, ga gidajen da yau ko tubalinsu babu. Asalinta ta ofishin ƙungiyar manoma ce. Da rufin ofishin ya fara yoyo sai ya ɗauko ta, wai ajiya, kuma an gyara rufin har ya sake lalacewa ajiyar ba ta ƙare ba. Yana da eriyar wata matacciyar rediyo da yake nuni da ita. In baƙo ya ji ƙarar zaro eriyar nan, to ya gyara zama kawai, aikin gonarsa na ranar ya tafi.

"Taswira ba ta ƙarya," da haka yake buɗe karatu kullum. "Mutum yana ƙarya, shaida yana ƙarya, amma ita ba ta da dangi, ba ta da suruki, ba ta cin abincin kowa."

Duk inda ya zagaya da eriyar, a wuri ɗaya take sauka: wani siririn layi gutsi-gutsi da ya ratsa tsakiyar gonar Mai Keke. A ƙasan taswirar akwai ɗan akwatin bayani, inda masu awo suka nuna cewa layi gutsi-gutsi hanyar ƙafa yake nufi. Layin nan shi ya ba Mai Taswira suna, shi kuma ya ba shi mata.

Ga yadda abin ya faru, a bakinsa dai. Lokacin samartaka shi da Mai Keke yarinya ɗaya suke nema, ƙaramar 'yar wani tela da ke hayin gonaki. Tsakanin unguwarsu da gidan telan akwai gonar uban Mai Keke, shimfiɗeɗiya, da shinge da karnuka marasa mutunci, kuma tsohon ya rantse ko ɗansa ba zai taka masa shuka ba. Sai dai a zagaya ta gada, tafiyar da in mutum ya fita da hantsi sai rana ta karkata zai isa. Ɗan mai gona bai damu ba, yana da keke. Shi kuwa Mai Taswira ƙafa ce jarinsa, yana isa ƙofar tela harshe a waje.

Ana cikin haka wata rana ya shiga ofishin manoma, ya tsaya gaban taswirar da aka yi wa sabon firam, idonsa ya faɗa kan layin. Ya tara dattawa ya nuna musu. Uban Mai Keke ya yi tsalle ya dire, ya ce a gonar nan ya yi rarrafe, bai taɓa ganin hanya ba. Amma takarda ta girmi kowa a wurin, kuma ba wanda yake so a ce shi ne bai iya karanta ta ba. Kafin a tashi, dattijo ɗaya ya tuna ya taɓa bin hanyar yana yaro. Wani ya tuna a kanta jakinsu ya kayar da shi. Na uku har kuka ya yi, don ya tuno kakarsa tana bi ta nan da tulu a ka. Aka sare shinge, aka ɗaure karnuka, aka ja igiya aka fitar da hanya daidai yadda take a takarda. Shekara ba ta zagayo ba 'yar tela ta zama matarsa, ita ce yau kowa ke kira Inna.

Har da lanƙwasar aka fitar. A tsakiyar gonar layin yana yin wani ɗan baka, ya kauce ya dawo, kuma a cikin bakan akwai ɗigo guda ruwan ƙasa. Mai Taswira ya yi nazari, ya yanke hukunci cewa tsohuwar rijiya ce masu awo suka kewaye. Sau biyu a shekarun fari yana tara majiya ƙarfi su haƙa wurin. Karon farko suka samu dutse, karo na biyu suka samu ramin da suka haƙa karon farko. Bai karaya ba, ya ce rijiyoyin mutanen da zurfi ne da su.

Inna takan zauna a bakin ƙofa da ɗinkinta duk lokacin da ake wannan karatu. Ba ta taɓa sa baki ba. In an zo kan rijiya ne kawai takan ciji zare da ɗan ƙarfi.

Yanzu duk sun tsufa. Mai Keke ya gaji gonar, ya yi arziki, ya sayi babur, ya sayi mota, bana ya sayi tarakta, amma ba wanda ya yarda ya canza masa suna. Taraktar ce ta tayar da magana. Ya kai ƙara ofishin filaye cewa hanyar ta raba masa gona biyu, in ya ɗauko huɗa sai ya tsaya ya juya kamar mai tura amalanke, alhali tun da aka yi titi ba mai bin ta sai tsohuwa ɗaya. Ya ce da zarar an cire amfanin bana zai haɗe gonarsa.

Gaskiya ya faɗa, tsohuwa ɗaya ce, amma tsohuwar Mai Taswira ce. Yayar Inna tana nan a tsohon gidan tela, idonta ya tafi, 'ya'yanta suna birni. Kullum da safe Inna takan ɗauki kwano ta bi hanyar, ta share mata ɗaki, ta taje mata kai, su yi ɗan faɗansu na 'yan'uwa, ta dawo. Gwiwoyinta ba za su kai ta gada ba, ƙugunta kuma ya daina hawa babur. In aka huɗe hanyar nan, an raba ta da yayarta ke nan tun suna raye. Mai Taswira ya san haka, kuma abin ya tsorata shi ƙwarai, ko da yake a bainar jama'a cewa yake magana ce ta tarihi da doka.

Jami'in filaye ya zo, wani mai tsabtar takalmi da ke taka ƙasa kamar za ta cije shi. Ya manna hanci a gilashin taswirar, ya ce shi ba ya ganin komai sai hayaƙi da kashin ƙuda. A kai ta gidan adana tsofaffin takardu a wanke ta, a buga mata hatimi, in hanya ta fito shi zai tsaya mata. Mai Taswira har murmushi ya yi, don autarsa a can take aiki.

Inna ce ta ƙi.

"Malam, a bar abin nan yadda yake. Tsohon abu ba ya son taɓi."

"Ke ina ruwanki da aikin ilimi? Wanke ta za a yi, ba yanka ta ba."

"Gilashin zai fashe a mota."

"Zan rungume shi."

"Auta aiki ya yi mata yawa."

"To wannan wasa ne? Don irin wannan ranar na kai ta makaranta."

"Ni dai na yi mummunan mafarki."

"Waken jiya ne."

Ta dube shi irin duban da take masa in ya sa riga a baibai, ta ce a sauka lafiya, ta koma kan ɗinkinta.

Ya naɗe firam ɗin a bargo, ya kama kujera biyu a mota, ɗaya tasa ɗaya ta taswira. Ɗakin da Auta ke aiki dogo ne, sanyi kamar cikin randa, da durowoyi masu faɗi jere a bango, da teburin da mutum biyu za su kwanta a kai ba su taɓa juna ba. Ba a shiga da shayi, ba a shiga da biro. Eriyar ma sai da aka yi gardama a ƙofa kafin a bar shi ya shiga da ita.

Auta ta sa safar hannu, ta zare ƙusoshin da suka yi tsatsa, ta ɗaga gilashin ta jingine gefe. Ta naɗa auduga a kan tsinke tana tsomawa a wani ruwa mai warin asibiti, tana goge man ƙyallin da kafinta ya lafta wa takardar tun zamanin da. Gonaki suka fara fitowa fes. Rafi ya koma shuɗi. Mai Taswira yana tsaye a kanta yana gabatar mata da kowace gona da mai ita da abin da ya kashe shi, ita da ta haddace karatun tun tana goye.

Da audugar ta iso kan layin sai ta maƙale. Auta ta ja, wani ɗan gashin auduga ya tsaya a kan hanyar. Ta jawo madubin ƙara girma ta sunkuya, ta daɗe a sunkuye. Sannan ta miƙe, ta je ta buɗe wata durowa, ta ɗauko wata taswira ta shimfiɗa kusa da tasa.

"Baba, wannan 'yar'uwarta ce. Tare aka buga su, wannan ita ce tamu ta ajiya."

Iri ɗaya ne sak, rafi ɗaya, lambobi ɗaya. Gonar uban Mai Keke ma tana nan shimfiɗe, sai dai fara tas, ba layi, ba baka, ba rijiya.

"Taku ba a gama ta ba," in ji shi nan take. "Halin ma'aikata ne, lokacin tashi ya yi suka ajiye alƙalami."

"Baba..."

"Ko kuma ta gwaji suka ba ku. Ai ba za a kawo mai kyau birni a bar wa masu gona mara kyau ba."

Auta ta sa hannu biyu ta juya taswirarsa a hankali. Bayanta ƙyalle ne, irin wanda ake manna wa takarda don kada ta yage a wurin ninki. A tsakiyar ƙyallen ga baƙin zare, ya shiga ya fita, ya shiga ya fita, ƙanana daidai wa daida, daga wannan shinge zuwa wancan. Hanyar da dattawa suka tuna, har wani ya yi mata kuka, ɗinkin hannu ce.

Ya daɗe yana kallo. Ya zaro eriya, ya rasa abin da zai nuna, ya mayar da ita.

"Tawada ce ta ƙare musu a daji," ya ce. "Mutanen da akwai dabara."

"Wa ya manna ƙyallen nan, Baba?"

Ya sani, don ba ɓoyayyen abu ba ne. Lokacin da takardar ta fara rabewa gidan tela aka kai ta, ta kwana biyu a can kafin a miƙa wa kafinta.

Auta ta ɗaga ƙarshen zaren da matsefata. Ƙulli ne mai zagaye biyu, an cusa wutsiyarsa ta koma ciki. Ta cire safar hannu, ta kama gaban rigar ubanta, ta juya bayan maɓallin sama ta sa masa madubin. Zagaye biyu, wutsiya a ciki. Ta juya maɓalli na biyu, haka. Ta nuna masa bakin hannun rigarta, nan ma haka. Duk gidansu ba wanda bai yi yawo da ƙullin nan a jikinsa ba tun daga wandon makaranta.

Mai Taswira ya laluba kujera ya zauna.

"Rijiyar dai tana nan?"

"Ɗigon yana nan, Baba."

"To buga hatimin."

"In buga in ce me?"

"Ki ce kin ga layi. Ai kin gani."

"Abin da na gani zan rubuta, zare da ƙulli. Kai ka koya min taswira ba ta ƙarya."

"Na koya miki ki faɗa wa mutane, ban ce ki faɗa min ba."

Ta yi dariya, amma idonta ya kawo ruwa, don ita ma ta san gwiwoyin uwarta.

A mota bai ce wa kowa uffan ba, har direban, wanda ya sha karatun rijiya a zuwa, ya juyo ya tambaya ko lafiya. Kunya ce ta fara kama shi. Shekara da shekaru yana yabon ƙwarewar masu awo, mai ɗinkin tana zaune a bakin ƙofa tana ji. Ya tuna mutanen da ya sa haƙa cikin rana, ya tuna yadda take cizon zare, ya ja hula ya rufe ido. Bayan kunya sai haushi, bayan haushi kuma sai wani daɗi da ya rasa inda zai ajiye shi, don ashe ba shi ya nemo hanya ba, shimfiɗa masa aka yi. Amma tsoro ya fi su duka nauyi. Ba hatimi, kuma masara ta kusa isa yanka.

Ya tarar da Inna inda ya bar ta. Ya warware bargo, ya kife taswirar a tabarma gabanta, ƙyalle a sama. Ta leƙa ta saman tabarau.

"Zaren ya yi ƙarko," in ji ta. "Yanzu ba a yin irinsa."

"Abin da za ki ce ke nan?"

"Na ce maka a bar abu yadda yake."

Ya shiga ɗaki da taswirar ya turo ƙofa. Akwai baƙin biro a kan taga, kuma ya yi tunanin da kowa zai yi: a tsinke zaren, a bi ramukan allura da tawada, a shafa ɗan toka, a nemi wani mai hatimin da ba 'yarsa ba. Har ya ɗauko almakashi. Sai ya ga ba zai iya sa shi a ɗinkin nan ba. Ba tsoron doka ba ne, hannunsa ne kawai ya ƙi. Ya ajiye, ya naɗe takardar, ya gyara hula. Abu ɗaya ya rage masa, kuma ya fi haƙa rijiya wuya: ya je ya roƙi Mai Keke.

Ya same shi a rumfar tarakta yana goge ta da tsumma, yadda yake goge keken nan a da. Rabon su da gaisuwar kirki tun suna da baƙin gashi.

"In karatu ka kawo, na ƙoshi," in ji Mai Keke.

"Ba karatu ba ne. Zo ka gani."

Ya shimfiɗa ta a kan murfin injin, baya a sama, ya faɗa masa komai a taƙaice, abin da ba a taɓa jin ya yi ba. Mai Keke ya sa tabarau, ya bi layin da farce, ya juya gaba, ya juya baya.

"Zare?"

"Zare."

"Na ɗinki?"

"Na ɗinki."

"Shingen babana? Karnukan babana? Tsohon nan da ya yi kuka?"

"Duk zare."

Mai Keke ya jingina da tayar tarakta ya fara dariya, irin wadda da farko ba ta da sauti sai kafaɗa ke rawa, sannan ta ɓarke har da tari. Mai Taswira ya tsaya ya shanye ta duka, hula a hannu. Da ta lafa ya yi gyaran murya.

"Roƙo na zo. Ba ni da takarda, ba ni da hujja. Gonarka ce daga shinge har shinge. Amma ka san ƙafafun Inna, ka san halin da Yaya ke ciki. Don Allah ka bar mata."

Kafin ya amsa sai ga Inna ta shigo rumfar tana dogara sanda, ashe ta biyo mijinta a hankali. Mai Keke ya share ido ya dube ta, dariyar ta ɗauke. Tsohon ciwo ne ya motsa, kuma ya fito a fuskarsa.

"Ashe ke ce. To tunda yau ranar tone-tone ce, faɗa min, me na rasa? Ina da keke!"

"Na sani."

"Sabo fil! Da ƙararrawa, da fitila!"

"Na sani, ka faɗa min. Kullum kana faɗa min. Kana isowa da ƙarfinka, ka zauna tun rana na sama kana ba ni labarin sarƙa da birki har kaina ya ɗau ciwo. Shi kuwa bawan Allah yana isowa a galabaice, ya sha ruwa, ya dube ni, ya yi murmushi, ya tashi ya kama hanya kada rana ta faɗi masa. Na ce a raina, ga mutum mai shiru-shiru, irin wanda za a zauna da shi lafiya."

Mai Taswira ya gyara tsayuwa, har ya fara mayar da hula.

"Tausayinsa ne ya sa na gajarta masa tafiya," Inna ta ci gaba. "Ai kuwa ranar da aka buɗe hanya ya iso da numfashinsa cikakke, ya buɗe baki. Ran nan na gane ashe gajiya ce, ba hali ba. Amma magana ta riga ta yi nisa."

Hular ta dawo hannu.

"Kuma don ka sani, Malam, ba idonka ne ya faɗa kan layin ba. Sai da na yi ta aiken ka ofishin nan har na gaji. Zuwan farko ka dawo kana yabon firam. Daga ƙarshe sai da na ce ka je ka duba min ko gonar su Mai Keke ta kai girman da ake faɗa."

Wannan karon Mai Keke sai da ya kwanta a kan buhunan taki. Ya yi ta buga ƙafa, ya yi ta kiran babansa. Da ya samu numfashi ya tashi zaune, ya kaɗe riga, ya dubi tsohon abokin takararsa, kuma a karon farko ba gaba a idonsa.

"Tun muna samari," in ji shi, "kullum na fito na ga hanyar nan sai in ga kamar kai ne kwance a gonata kana min gwalo. Na ɗauka da ilimi ka ci ni, abin da ya tsaya min a wuya ke nan. Ashe ni da kai allura ɗaya ce ta ɗinke mu. Tarakta tana da sitiyari, ta juya. Zan je in janye ƙarar. Muddin Inna tana bi, hanya tana nan."

"Na gode," in ji Mai Taswira. Da ƙyar ta fito, amma ta fito.

"Ban gama ba. Eriyar."

"Wace eriya?"

"Wadda ke aljihunka. A ba ni ita, ƙauyen nan ya huta."

Ya dubi Inna ko za ta cece shi, ta ɗauke kai tana kallon rufin rumfa. Ya zaro ta ya miƙa. Mai Keke ya soke ta a gaban tarakta, ya ja baya ya duba, ya ce ta yi mata kyau.

Tunda sun riga sun fito, Inna ta ce su ƙarasa wurin Yaya. Suka kama hanyar, masara ta fi su tsayi dama da hagu, ita a gaba da sanda, shi a baya da taswira a hammata. Ƙasar ta daddale ta yi sumul da sawu, kuma yawancin sawun nata ne da nasa da na 'ya'yansu. Bai ce komai ba. Tafiya ta yi tafiya bai ce komai ba. Inna ta waiwayo, ta ci gaba, ta sake waiwayowa.

"Malam, wannan shirun fa?"

"Ba shi kike so ba?"

"Da can ne. Yanzu kunnena ya saba. In ka yi shiru sai in ga kamar ba ka da lafiya."

Suka iso lanƙwasar. Ramin da aka haƙa ya cike tuni, ciyawa ta rufe shi. Ya tsaya.

"Rijiyar fa?" ya tambaya a hankali.

"Babarmu ce ta turo ƙofa ina tsakiyar ɗinki. Na zabura, allura ta kauce ta shige min yatsa. Na rufe wurin da hannu ina gaishe ta, jini yana ɗiga a takardar mutane. Da ta fita na ga layi ya karkace. In na warware ramukan za su nuna, sai na lanƙwaso shi na dawo."

Ta miƙo masa yatsan hagu. Ba tabo, ba komai, tsohuwar fata ce da allura ta riga ta ci. Ya riƙe yatsan duk da haka, ya daɗe yana dubawa. Sau biyu ya tara mutane su tone ƙasa, alhali abin da suke nema yana gida yana ɗinke masa maɓalli. Idonsa ya cika, ya ce furen masara ne ya faɗa masa.

"Da kin faɗa min kafin haƙa ta biyu."

"Yadda kake murna da rijiyarka, ina zan iya?"

In za a miƙe, ɗan taku ne kawai a kan ciyawa, ga gwiwoyinta suna ciwo. Ba wanda ya ce a yanke. Ya ba ta hannu ta dafa, suka bi bakan suka zagaya, kamar kullum.